Gayya da Gyaran Gidaje a Al'adar Bahaushe: Waiwaye daga Malali ta Kaduna

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san cewa Agusta da Satumba watanni ne na zullumi ga mai gidan ƙasa. A lokacin ne ruwa kan yi kwana da kwanaki yana zuba, katanga ta jiƙe tun daga tushe, soro ya fara yoyo, wani ɗakin ma ya zauna gaba ɗaya cikin dare. Idan abin ya faɗa wa mai hali, kafin sati ya zagayo ya kira birkila an ta da ginin. Idan kuwa ya faɗa wa tsoho, ko matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, to, tambayar da ke tasowa ita ce: wa zai ta da wannan ɗaki?

Bahaushen dauri yana da amsa, watau gayya. A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bayyana ma'anar gayya da yadda aka gudanar da ita wajen gini da gyaran gidaje, sa'an nan a dubi halin da ta shiga a unguwar birni irin Malali. Abin da ake son nunawa shi ne, gayyar gini ta tsaya ne a kan ginshiƙai uku: kayan aiki na banza, da aikin da kowa ya iya, da zaman dindindin tsakanin maƙwabta. Birni ya girgiza dukkan ukun, kuma wanda abin ya fi shafa shi ne marar ƙarfi.

2.0 Ma'anar Kalmar

Gayya ita ce taruwar jama'a bisa kiran wani, domin su yi masa aikin da ya fi ƙarfin hannunsa, ba tare da an yanka musu lada ba. Kalmar dangi ce ga aikatau "gayyata", abin da ke nuna cewa kira shi ne tushen al'amarin. Ba a zuwa gayya sai an gayyata, shi ya sa Hausawa ke yi wa wanda ya kai kansa wurin cin abinci ba da kira ba laƙabi da "ɗan gayyar soɗi". Sai dai a lura, akwai wata "gayya" dabam mai ma'anar ganganci ko mugunta, wadda ake ji a cikin "ya yi da gayya" da kuma "ramuwar gayya". Rubutunsu ɗaya ne, amma ba su haɗa hanya ba.

Ya kamata kuma a rarrabe gayya da wasu kalmomi uku da ke maƙwabtaka da ita. Na farko ƙwadago, wanda aiki ne na jinga ko na yini, a yi a biya. Na biyu aikin tilas, irin wanda hukuma kan ɗora wa talakawa, kamar yadda aka sha yi a zamanin mulkin mallaka wajen gyaran hanyoyi da ɗaukar kaya. Na uku shi ne "aikin sa kai", wanda ya yi ƙarfi a bakin 'yan jarida da ƙungiyoyi a wannan zamani. Mai sa kai yakan taimaki wanda bai sani ba, kuma ba ya jiran komi daga gare shi. Ɗan gayya kuwa ya san mai aikin, ya san iyayensa, ya kuma san cewa ranar tasa tana tafe. Ke nan gayya bashi ce wadda ba a rubutawa, kamar yadda karin maganar nan ta "cuɗe ni in cuɗe ka" ta nuna.

An fi sanin gayya a fagen noma, inda samari kan jeru a gona makaɗa na zuga su da gangar noma, ko inda mai neman aure kan ɗebi abokansa su je su nome gonar surukinsa. Amma ta shafi gini, da haƙar rijiya, da gyaran maƙabarta da masallaci da hanya. Karin maganar da ta fi kowace shahara a kan haɗin kai ma daga gini aka samo ta: "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Maganar gaskiya ce tun kafin ta zama hikima, domin a ƙasa ake haɗa jinka a baibaye ta, sa'an nan maza su kewaye ta su ɗaga a lokaci guda su aza bisa ɗaki.

3.0 Yadda Ake Gayyar Gini

Lokacin gini shi ne rani, bayan an kawar da amfanin gona, hannaye sun sami sarari, rana kuma tana da ƙarfin busar da tubali. Mai aiki yakan fara da sanar da mai unguwa da dattawa, a tsai da rana, sa'an nan a raba goron gayya. Inda akwai sarkin samari, shi ake damƙa wa al'amarin ya tara yaransa. Abin da ke wuyan mai gayya shi ne abinci: fura ko kunu da hantsi, tuwo idan rana ta take.

Aikin kansa kashi-kashi ne, kuma kowane rukuni na jama'a yana da nasa. Majiya ƙarfi su ke haƙo ƙasa, wanda shi ne asalin kududdufan da ake gani a tsofaffin garuruwa irin su Kano da Zariya. Yara da masu jakuna su yi jigila, wasu su ɗebo ruwa. Sai a zuba ramno, watau yankakkiyar ciyawa, a tattake ƙasar da ƙafa har ta haɗu, a bar ta ta kwana biyu ta tsumu. Daga nan a mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Ranar ɗora gini magini yakan hau bisa bango, na ƙasa suna jefa masa tubali da curin ƙasa yana caɓewa yana jerawa. Idan za a yi rufin soro sai a kawo azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cika cinta ba, a jera, a shimfiɗa zana ko kara, a bi da ƙasa, a kafa indararo domin ruwa ya sami mafita.

Bayan gini sai yaɓe. Masu hali kan yi amfani da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko kuwa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, domin su kare bango daga ruwa. Daɓe kuwa aikin mata ne. Su ke taruwa da madaɓai su daddaɓe tsakar ɗaki suna yayyafa ruwan makuba, suna waƙa bisa amon bugun, musamman idan ɗakin amarya ake shiryawa. Waƙoƙin daɓe wani reshe ne mai zaman kansa a adabin baka na mata, kuma gayya ce ta haife su.

Wajibi ne a faɗi cewa ba kowane gini ake yi da gayya ba. Manyan gine-gine masu bakan gizo da ɗaurin guga aikin gwanaye ne waɗanda suka gaji sana'ar, ƙarƙashin Sarkin Magina. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a farkon rabin ƙarni na 19. Masu son zurfafawa a wannan fanni za su amfana da littafin J. C. Moughtin kan gine-ginen Hausa na 1985, da na F. W. Schwerdtfeger na 1982 wanda ya nazarci gidajen Zariya. Gayya ta fi shafar ɗakin talaka, da katangar da ta zube, da yaɓen shekara-shekara.

4.0 Rabon Marar Ƙarfi

Idan gayya bashi ce, to, yaya wanda ba zai iya biya ba? Nan ne addini ya shigo ya cike giɓin da al'ada za ta iya bari. Musulunci ya girmama haƙƙin maƙwabci, ya kwaɗaitar da kula da maraya da matar da ta rasa miji, kuma kowane almajiri ya san cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki tubali da hannunsa tare da sahabbansa lokacin ginin masallacin Madina. Saboda haka idan ɗakin tsohuwa ya faɗi, ko gobara ta cinye gida, ba a jiran mai abin ya raba goro. Liman ko mai unguwa shi ke yin kira a madadinsa, maƙwabta su kawo abincin, wani ya ba da azara, wani ya ba da ciyawa.

Ko a nan ma ba a rasa wani irin lissafi ba. Tsohon da ake gyara wa ɗaki yau ya yi wa iyayen waɗannan samari aiki shekaru talatin da suka wuce, marayan da ake rufa wa asiri kuma gobe shi ne majiyin ƙarfin unguwa. Watau bashin yana tafiya ne daga zuriya zuwa zuriya. Akwai kuma kunya, wadda ita ce ɗan sandan wannan tsari. Wanda ya saba noƙewa ba a kai shi gaban alƙali, amma ranar da ya yi tasa gayyar zai ga wurin wayam, kuma unguwar da ta bar tsohuwa tana kwana a kango ta jawo wa kanta abin faɗa a kasuwa.

Kada a ɗauka cewa sai da aka shigo birni gayya ta fara rauni. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ya nuna yadda kuɗi da sana'a suka riga suka ratsa rayuwar ƙauye. Haka kuma Polly Hill, a littafinta na 1972 kan Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, ta nuna irin gindin zaman da ƙwadago ya yi a tsakanin manoma. Abin da birni ya yi shi ne ya gaggauta abin da ya riga ya soma.

5.0 Malali da Yanayinta

Kaduna ba tsohon birnin Hausa ba ce mai ganuwa da unguwannin gado. Gari ne da Turawan mulki suka kafa a ƙasar da Gwari, watau Gbagyi, ke zaune, suka mai da shi hedikwatar Arewa a 1917 bayan an taso daga Zungeru. Tun daga lokacin jama'a ke kwararowa daga kowace kusurwa: ma'aikatan gwamnati, da sojoji, da ma'aikatan jirgin ƙasa, daga baya kuma ma'aikatan masaƙu. Hausa ta zama harshen da ya haɗa su, amma kowa da garin da yake kira gida.

Malali tana arewacin Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, kusa da Unguwar Rimi da Badarawa. A nan Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kaduna take, wadda aka buɗe a 1973, a nan kuma akwai matatar ruwan da ke shayar da wani babban sashe na garin. Mai yawo a unguwar zai ga fuskoki uku na muhalli: tsohon ƙauye mai lunguna da gidajen haya, da rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi da gwamnati ta gina, da kuma manyan gidaje masu dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe. Talaka da mai hali suna kusa da juna a taƙi, amma ba lalle ne su san sunan juna ba.

Ga kuma ruwa. Abin da ke sauka a Kaduna a shekara ya haura milimita 1,000, ya kuma fi na Kano da Katsina nesa ba kusa ba, don haka ginin ƙasa ya fi saurin gajiya a nan. Kogin ma yakan yi ambaliya. A damunar 2003 ya cika ya tumbatsa, ya shiga unguwannin da ke gaɓarsa, ciki har da sassan Malali da Unguwar Rimi da Barnawa, ya raba dubban mutane da gidajensu. A 2012 kuma aka yi ambaliyar da ta game jihohi da dama na Nijeriya. Waɗanda suka fi shan wahala a irin wannan hali su ne waɗanda tsadar fili ta tura su gini a kwari da bakin rafi.

6.0 Abin da Ya Sauya

Ginshiƙi na farko da ya girgiza shi ne na kayan aiki. A ƙauye ƙasa ta Allah ce, ciyawa na daji, kara na gona. Abin da ya rage kawai shi ne hannu, kuma hannu gayya ke kawowa. A Malali kuwa bulo da siminti da yashi da katako da kwanon rufi da ƙusa duk sai an saya, ruwan kwaɓi ma wani lokaci sai an biya 'yan garuwa. Ko samari hamsin suka taru, in babu buhun siminti, sai dai su yi zaune. Ita kanta ƙasar gini ta yi wuya, domin kowane fili yana da mai shi, kuma tun bayan Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 filayen birni suna ƙarƙashin ikon gwamna, gini kuma yana bukatar izinin hukumar tsara birane.

Na biyu shi ne iyawa. Duk yaron da ya tashi a ƙauye ya san cuɗa ƙasa da mulmula tubali, domin yana gani tun yana ƙarami. Jera bulo bisa igiya, da ɗaura rodi, da buga rufi kuwa sana'o'i ne na birkila da kafinta, waɗanda da su suke ci da iyalinsu. Yinin da birkila ya bayar kyauta, abincin gidansa na ranar ya bayar. Sauran jama'a kuma sun koma leburori masu miƙa bulo, aikin da mutum biyar sun isa.

Na uku shi ne zama. Bashin gayya yana bukatar tabbacin cewa wanda ka yi wa yau yana nan baɗi. Ɗan haya kuwa yau yana nan, gobe ya tashi, ma'aikaci kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki a kowane lokaci. Haka nan ɗan haya ba ya ganin dalilin gyara ɗakin da ba nasa ba, mai gidan kuma watakila yana wani gari. Daɗin daɗawa, rani ba lokacin hutu ba ne ga ɗan birni. Mai shago da direba da malamin makaranta ba su da kaka balle bayan kaka. Rikice-rikicen da Kaduna ta sha, musamman na 2000 da 2002, su ma sun taɓa amanar maƙwabtaka, suka sa jama'a da dama suka sake unguwa bisa addini.

Duk da haka gayya ba ta mutu ba, kama ta sake. An fi ganinta yanzu a ayyukan da suka shafi kowa: yashe magudanar ruwa kafin damuna, da cike ramukan hanya, da share maƙabarta, da zuba dakalin masallaci. Ƙungiyoyin matasa na unguwa da kwamitocin masallatai sun ɗauki matsayin sarkin samari, ga kuma 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, irin na Jama'atu Nasril Islam wadda aka kafa a Kaduna a 1962. Gyaran gidan mutum ɗaya kuwa ya koma ga karo-karo: a yi sanarwa bayan salla, a tara abin da ya samu, a sayi kwano, a nemi kafinta ya rage kuɗin aikinsa. Watau gayyar hannu ta zama gayyar aljihu. Illar wannan ita ce, wanda ba shi da mai yi masa magana, ko wanda kunya ta hana shi bayyana halinsa, yakan faɗo ta tsakiya ba a gani ba.

Harshe ma ya nuna wannan sauyi. Yaron da aka haifa a Malali ya san bulo da lintal da silin, amma da wuya ya san ramno ko makuba ko madaɓi. Yana jin "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" a aji, alhali bai taɓa ganin an ɗaga jinka ba. Malamin Hausa da ke koyar da karin magana yau sai ya fara da koyar da ginin da ya haife ta.

7.0 Waiwaye ga Wasu Ƙasashe

Ba Hausawa kaɗai ke da irin wannan al'ada ba, kuma wasu sun sami hanyar raya tasu. A birnin Jenne na ƙasar Mali, jama'ar gari kan fito kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka gina a 1907, kuma ranar ta zama biki. Kenya ta ɗauki "harambe", watau haɗa ƙarfi, ta mai da shi taken ƙasa tun samun 'yancin kai a 1963. A Ruwanda an keɓe Asabar ta ƙarshen wata domin aikin gayya da suke kira "umuganda", wanda ya haɗa da gina wa marasa ƙarfi gidaje, ko da yake shigar hukuma cikinsa ya kusantar da shi ga aikin dole.

Misalin da ya fi dacewa da matsalar birni shi ne na ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa a jihar Jojiya ta Amurka a 1976, wadda kuma tsohon shugaban ƙasar Jimmy Carter ya fara yi wa aiki da hannunsa a 1984. Tsarinta shi ne a tara kuɗin kayan gini daga masu bayarwa, gwanaye su jagoranci 'yan sa kai, wanda za a ba gidan kuma ya zuba guminsa a ginin nasa da na wasu, sa'an nan ya biya kuɗin gidan sannu a hankali. Idan aka duba da kyau, wannan "cuɗe ni in cuɗe ka" ce aka rubuta a takarda, aka kuma ƙara mata asusu.

8.0 Kammalawa

An ga cewa gayyar gini ta ginu ne a kan kayan aiki na banza, da aikin da kowa ya iya, da zaman dindindin, kuma a unguwa irin Malali duk ukun sun raunana. Saboda haka kiran da ake yawan yi na a koma ga al'adar iyaye ba zai wadatar ba, muddin ba a dubi abin da ya riƙe al'adar ba. Abin da zai yiwu shi ne a sake mata ginshiƙai daidai da zamani. A maimakon ƙasar banza, a sami asusun unguwa na dindindin, wanda zakka da sadaka da wakafi za su iya ciyarwa. A maimakon iyawar kowa, a jawo ƙungiyoyin birkiloli da kafintoci su riƙa ba da yini ɗaya bi da bi. A maimakon sanayyar gado, mai unguwa da limamai da shugabannin coci su riƙa zagayawa da rani suna duba gidajen da ba za su kai ƙarshen damuna ba, tun kafin masu su su buɗe baki, domin rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan manazarta. Tsofaffin magina da matan da suka yi daɓe suna ƙarewa, kuma kalmominsu da waƙoƙinsu suna tafiya tare da su. Ɗaliban da ke neman abin rubuta kundi a jami'o'in Zariya da Kano da Kaduna za su sami fage mai faɗi a nan: tattara kalmomin gini na kowane karin harshe, da naɗar waƙoƙin daɓe, da bin diddigin yadda ƙungiyoyin unguwa ke gudanar da taimakonsu a yau. Malali kanta, da ƙauyenta da gidajen gwamnatinta da gaɓar koginta, ta isa wurin farawa.